Gado Ba A Ranar Rabo Yake Lalacewa Ba

Duk wanda ya saba zaman makoki a ƙasar Hausa ya san yadda muryoyi ke sauyawa tsakanin sadakar uku da ta arba'in. A kwanakin farko addu'a ce da yabon mamaci. Kafin a kai arba'in an fara raɗe-raɗin wa ke riƙe da makullin turakar maigida, wa aka gani ya fita da jakar takardu da daddare, wane ɗaki ne ya fara kwashe kaya. Bayan shekara guda, 'yan uban da suka tashi suna cin tuwo a kwano ɗaya sun koma gaisawa ta bakin lauyoyi. In an zo ba da labari sai a ce rabon gado ne ya raba su. Ni kuwa a ganina rabon ya zo ne ya tarar da ɓarnar da aka riga aka yi tun mai dukiyar yana raye, a shekarun da ya kamata ya yi magana ya zaɓi shiru.

Lissafin gado shi ne mafi sauƙi a cikin al'amarin. Allah Maɗaukakin Sarki bai bar wa kowa wannan aiki ba, Ya yanke shi a aya ta 11 da ta 12 da ta 176 na Suratun Nisa'i, malamai kuma sun warware shi dalla-dalla, daga babin fara'ili na Risalar Ibn Abi Zaid zuwa Mukhtasar na Khalil. A ɗauka dattijo ya rasu ya bar dukiyar naira miliyan 24, da mata biyu, da 'ya'ya maza uku da mata huɗu, iyayensa kuma sun riga shi. Matan za su raba tumuni, wato miliyan 3, kowace ta sami miliyan ɗaya da rabi. Sauran miliyan 21 a kasa su goma, kowace 'ya ta ɗauki miliyan 2.1, kowane ɗa ya ɗauki miliyan 4.2. Ɗalibin da ya yi karatun fara'ili zai gama wannan kafin shayi ya huce.

Tambayar da ke cinye shekaru a kotu ita ce: ina aka samo miliyan 24 ɗin? Wane ne ya ce gonar da ke ƙauye tana ciki, alhali ƙanen mamaci ya rantse ta mahaifinsu ce da ba a taɓa rabawa ba? Shagon kasuwa na uban ne shi kaɗai, ko babban ɗan da ya shekara ashirin yana buɗe shi da asuba abokin tarayya ne? Gidan da amarya ke ciki an ba ta ne kyauta, kamar yadda take faɗa, ko an dai zaunar da ita? Babu ayar da za ta amsa waɗannan tambayoyi, domin ba hukunci ake nema ba, labarin abin da ya faru ake nema, mutumin da ya fi kowa saninsa kuma yana kabari.

Shari'a ta jera abin da ake fitarwa kafin magada su taɓa ko kwabo. A fiƙihun Malikiyya ana fara da haƙƙin da ya rataya a kan wani abu takamaimai, kamar kayan da aka jinginar, sai kuɗin jana'iza, sai basussuka, sai wasiyya, sannan abin da ya rage ya zama gado. Bashi yana gaban wasiyya, yana gaban gado, amma shi ne abin da dattawanmu suka fi ɓoyewa. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa masa shaidu ta sauka. Duk da haka mutum zai ba abokin kasuwancinsa kayan miliyoyi bisa amana ba tare da ko guntuwar takarda ba, ya kuma karɓi ajiyar marayu ya zuba cikin jarinsa, iyalinsa ba su sani ba. Ranar jana'iza a yi shela cewa mai bin mamaci bashi ya zo. Masu binsa sukan zo, har da waɗanda ba su bin komai. Waɗanda yake bi kuwa, sai mai tsananin tsoron Allah a cikinsu.

Akwai bashin da ba a ko lissafa shi a matsayin bashi, shi ne na matan gida. Mace ta sayar da awakinta, ko ta kwashi adashenta, ta ba maigida ya ƙarasa rufin gida ko ya cika kuɗin kujerar Makka, a kan zai mayar. Wata ma ragowar sadakinta ne ba a cika ba. Shekaru sun wuce, kunya ta hana ta tambaya, shi kuma ya ɗauka abin gida ne. Ranar rabo, in ta buɗe baki, 'ya'yan kishiya su ce ta kawo shaida. Ina za ta samo shaidar abin da aka yi a cikin ɗaki shekara talatin da suka wuce? Layi biyu da maigida zai rubuta a gaban shaidu yana da lafiya sun isa su tsare mata haƙƙinta, su kuma tsare shi daga tafiya da nauyinta.

Na ce yana da lafiya, domin shari'a tana duban lokacin da aka yi abu. Abin da mutum ya bayar kyauta a cikin ciwon ajali ba ya wuce sulusin dukiyarsa, hukuncinsa ya koma kamar na wasiyya, idan kuma magaji aka ba, sai sauran magada sun amince. Haka iƙirarin bashi ga wani magaji a kan gadon jinya, malamai suna dubansa da idon tuhuma. Wanda ya jira sai likita ya fara girgiza kai kafin ya kira shaidu, ya jira har ƙofar ta kusa rufewa. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Batun kyauta ya cancanci a tsaya a kansa, domin a nan ne mutanen kirki masu kyakkyawar niyya suka fi faɗawa rami. Uba zai tara iyali ya ce gidan nan na ba wane, ko ya rubuta a takarda ya adana a akwati, ya ci gaba da zama a gidan yana karɓar hayar shagunan jikinsa har ya koma ga Allah. A wurinsa magana ta ƙare. A wurin alƙalin Malikiyya kuwa kyauta ba ta cika sai da hauzi, wato wanda aka ba ya karɓi abin ya shiga hannunsa tun mai bayarwa yana raye, yana da lafiya, bashi bai cinye dukiyarsa ba. In babu hauzi har mai kyauta ya rasu, kyautar ta ɓaci, gidan ya koma cikin gado. Malamai sun ma faɗi wata mas'ala da ya kamata kowane magidanci ya sani: idan mace ta ba mijinta gidan da suke zaune a ciki, kyautar tana tabbata ko da sun ci gaba da zama tare, amma idan miji ne ya ba matarsa gidan da yake zaune, zamansa a ciki yana hana hauzi, domin shi ne mai alhakin zaunar da ita. Dattijai nawa ne suka mutu da natsuwar cewa sun bar wa uwargida matsuguni, alhali abin da suka bar mata shari'a ce da 'ya'yan miji?

A tuna kason da na lissafa a sama. Matar da ta shekara arba'in a gida ta tashi da miliyan ɗaya da rabi, kuɗin da ba zai saya mata ko fili a gefen gari ba. Tana da haƙƙin yin takaba a ɗakinta wata huɗu da kwana goma idan gidan na mijin ne. Bayan nan, in magada sun nace a sayar, sai ta tattara kwanukanta. Mai 'ya'ya maza masu hali tana da inda za ta dosa. Wadda ba ta haihu ba, ko ta haifi mata kaɗai suna gidajen aure, ita ce ake gani ta koma raɓe a ɗakin ƙanenta tana da shekara saba'in. Shari'a ba ta zalunce ta ba, ta buɗe wa mijinta hanyoyi tun yana raye: ya saya mata wani gida dabam ya damƙa mata makulli da takardu, ta sa 'yan haya tana karɓa, ko ya ba ta jari ko gona ta riƙe da hannunta. Shi ne bai bi hanyar ba.

Sai dai kyauta tana da nata haɗarin ta ɗaya ɓangaren. Hadisin Nu'umanu ɗan Bashir sananne ne, inda Manzon Allah (SAW) ya ƙi zama shaida a kan kyautar da uba ya keɓe ɗa guda da ita ya bar sauran. Wanda ya yi amfani da kyauta don ya hana 'ya'ya mata ko 'ya'yan wani ɗaki gado, ya yi wa hukuncin Allah dabara ne, kuma shi ya shuka gabar da za ta biyo baya. Akwai kuma wanda tsoron rigima ke sa ya rabar da komai tun yana da ƙarfi, ya zauna hannu rabbana yana jiran 'ya'ya su ciyar da shi. Na ga dattijon da ya yi haka, ya ba kowane ɗa gida da shago, bayan shekara biyar ciwon suga da hawan jini suka kwantar da shi, kuɗin magani ya zama abin da ake jefa wa juna a waya, kowa na cewa ai watan jiya shi ya biya. Malikiyya sun ba uba damar karɓe kyautar da ya yi wa ɗansa, amma da sharuɗɗa, kuma damar tana faɗuwa idan abin ya sauya, ko ɗan ya yi aure ko ya ci bashi saboda wannan kyautar. Dattijo mai hankali yakan riƙe abin da zai ci ya sha magani har ƙarshen ransa. Wannan ba rowa ba ce.

Wasiyya kuma jama'a da yawa sun ɗauke ta abin Turawa, ko kuma kiran mutuwa. Hadisin Abdullahi ɗan Umar ya nuna bai dace Musulmin da ke da abin yin wasiyya ya kwana biyu ba tare da tana rubuce a wurinsa ba. Iyakarta sulusi ne, kamar yadda ya zo a ƙissar Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas, kuma ba a yi wa magaji. Wannan sulusin shi ne maganin wasu raunuka da muke gani kullum muna ɗora wa ƙaddara. Ga jikokin da mahaifinsu ya riga kakansu rasuwa: muddin akwai baffansu namiji a raye, ba su da kaso a gadon kakan, ko da a gidansa suka tashi. Ƙasar Masar ta ga girman wannan matsala har ta kafa dokar wasiyya ta dole a 1946 domin irin waɗannan jikoki. Mu ba mu da wannan doka, abin da muke da shi shi ne alƙalamin kaka. Haka ɗan riƙo da aka rena tun yana jariri, da agolan da ya yi wa mijin uwarsa hidimar da 'ya'yan cikinsa ba su yi ba, da tsohon yaron gida da ya tsufa a ƙofar maigida. Babu ɗayansu da zai gaji ko allura, amma duk ana iya yi musu wasiyya. Wanda kuma ke son ya bar rijiya ko makaranta ko gidan da hayarsa za ta riƙa ciyar da marayu, ƙofar hubusi a buɗe take, jihohi irin su Kano da Zamfara da Sakkwato ma suna da hukumomin da aka ɗora wa kula da zakka da waƙafi.

Masu zuwa wurin lauya su rubuta wasiyya irin ta boko su ma su yi hattara. A 1971, a shari'ar Adesubokan da Yunusa, Kotun Ƙoli ta tabbatar da wasiyyar wani Musulmi da aka rubuta bisa dokar wasiyya ta Ingila ta 1837, duk da ta saɓa wa ƙa'idar Malikiyya. Daga baya wasu jihohi, ciki har da Kaduna da Kwara, suka sa a dokokinsu cewa 'yancin rabar da dukiya yadda mutum ya ga dama bai shafi wanda ke ƙarƙashin shari'ar Musulunci ba. Saboda haka takardar da ta fifita wani ɗa ko ta cire wata mata tana iya rushewa a kotu bayan an kashe kuɗi da zumunci a kanta. Lauyan da zai rubuta wa Musulmi wasiyya ya kamata ya zauna da malamin fara'ili, malamin shi ma ya san abin da banki da ofishin filaye za su nema.

Domin dukiyar yau ba shanu da rumbu kaɗai ba ce da kowa ke gani da ido. Tana cikin asusun banki, da asusun fansho, da hannun jari, da manhajar waya mai lambar sirri. A fom ɗin banki da na wurin aiki akwai gurbin da ake rubuta sunan makusanci, wanda mutanenmu suka fassara da "magaji", fassarar da ta haddasa fitina mai yawa. Wanda aka rubuta a gurbin nan mutum ne da za a tuntuɓa in wani abu ya faru, rubuta sunansa bai mallaka masa kuɗin ba. Banki ba zai saki abin da ke asusun mamaci ba sai da takardar kotu, kuɗin kuma na dukkan magada ne. Ma'aikacin da ke ƙarƙashin Dokar Fansho ta 2014 yana da abin da ya tara a asusunsa, yana kuma da inshorar rai da doka ta wajabta wa wurin aikinsa, wadda ba ta gaza ninki uku na albashinsa na shekara ba idan ya rasu yana bakin aiki. Iyalai da dama ba su san da wannan ba balle su nema. Asusun da aka daina taɓawa kuma yakan zama matacce, ƙa'idojin da Babban Bankin Najeriya ya fitar a 2024 sun ce bayan shekara goma a mayar da kuɗin wani asusu na musamman a hannunsa. Magada suna iya nema su karɓa, amma sai sun san akwai shi.

Filaye da gidaje su ma haka. Tun Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, ƙasar kowace jiha tana hannun gwamna a matsayin amana, abin da mutum ke riƙewa haƙƙin zama ne, kuma mayar da shi ga wani a birni yana buƙatar amincewar gwamna. Da yawa daga cikin gidajen dattawanmu takardarsu ɗaya ce, ta cinikin da aka yi a gaban mai unguwa, shaidun kuma duk sun rasu. Wasu har yau sunan wanda ya sayar ne a kan takardar shaidar mallaka. Ga kuma gidajen gado na cikin birni da aka ƙi rabawa don kada a ce an watsa gidan kaka. Niyyar tana da kyau, sakamakon ne ba shi da kyau. Magaji ya mutu kafin a raba, kasonsa ya koma ga nasa magadan, su ma wani ya mutu, abin da malamai ke kira munasakha. Gidan da mutum bakwai za su raba cikin yini ɗaya ya zama na mutum sittin, waɗansu ba su taɓa ganin juna ba, katanga tana zubewa babu mai gyarawa domin ba na kowa ba ne.

Akwai wani lokaci da ba mu cika magana a kansa ba, tsakanin ƙarfi da mutuwa, lokacin da dattijo yana raye amma gigin tsufa ko shanyewar ɓarin jiki ya raba shi da iya tafiyar da al'amuransa. A nan ne ake yin ɓarnar da ta fi ta bayan mutuwa. Ɗan da ke kusa ya karɓi katin cirar kuɗi da lambar sirri da sunan sayen magani. Wani ya kawo takarda a dangwala wa tsoho yatsa, sai bayan rasuwa a ji wai ya sayar da fili. Wanda ya yi jinya tsakani da Allah shi ma ba ya tsira, domin 'yan'uwan da ke Abuja ko Legas, waɗanda ba su taɓa kwana a asibiti ba, za su zo su tambaye shi ina kuɗin Baba. Dokar ƙasa ba ta bar wannan a buɗe ba. Sashe na 277 na Kundin Tsarin Mulki na 1999, wanda ya jera hurumin Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a, bayan waƙafi da kyauta da wasiyya da gado, ya ambaci kula da Musulmin da hankalinsa ya gushe ko jikinsa ya raunana. Ma'ana iyali suna iya zuwa gaban alƙali a naɗa wanda zai kula da dukiyar tsoho a bayyane, yana rubuta shiga da fita. Mafi kyau ma dattijon ya zaɓi wakilinsa da bakinsa tun hankalinsa na tare da shi, a gaban sauran 'ya'ya. A kuma sani cewa wakilci yana ƙarewa da mutuwar wanda ya wakilta. Daga wannan sa'a, duk naira da aka cira daga asusunsa dukiyar magada ce, cikinsu har da marayu ƙanana.

Na san abin da ke hana a yi duk wannan. Ɗa ba zai iya duban mahaifinsa ya ce Baba rubuta wasiyya ba, kunya ba za ta bar shi ba, in ma ya daure ya faɗa za a ce ya ƙosa tsoho ya mutu. Matar gida in ta tayar da maganar, kishiya ta sami abin faɗa. Saboda haka nauyin yana kan mutum uku: dattijon da kansa, da amininsa da suke tsara wanda zai iya faɗa masa gaskiya a kan tabarma ba tare da an zarge shi da kwaɗayi ba, da limamin unguwa. Muna jin huɗubobi a kan kason ɗa da na 'ya, amma ban cika jin wadda ta koya wa mutane sharaɗin hauzi ko hukuncin kyautar majinyaci ba, alhali su ne ke cika kotuna.

Abin da ake bukata bai fi littafin rubutu na 'yan makaranta ba, da boko ko da ajami: abin da na mallaka da inda takardunsa suke, abin da ke hannuna na wasu, wanda nake bi da wanda ke bina, abin da na bayar kyauta da ranar da aka karɓa, matsayin ɗan da ke shago, da abin da nake so a fitar daga sulusi. Sai dai rubutu shi kaɗai bai wadatar ba. A Malikiyya, wasiyyar da aka tsinta a akwati da rubutun hannun mamaci, ba tare da ya kafa mata shaidu ko ya yi umarnin a zartar ba, ba a aiki da ita, domin mai yiwuwa ya rubuta ne yana shawara sannan ya fasa. A kira adilai biyu waɗanda ba su da kaso a ciki su sa hannu, a rubuta kwanan wata, a ajiye kwafi a wuri fiye da ɗaya, kada duka su zauna a ɗakin mace guda ko hannun ɗa guda. Duk lokacin da aka yi haihuwa ko rasuwa a gidan, ko aka sayar da fili, ko aka biya wani bashi, a ɗauko littafin a gyara, shaidu su sake sa hannu a ƙarƙashin sabon kwanan wata.